Ƙararrawar da Baba Bai Gama Ba

A ɗakin baya na gidan akwai wani ɗan tebur da ya sha ƙuna. Teburin Baba ne. A kansa akwai fitila mai lanƙwasa, da filaya, da gwangwani cike da ƙananan sukurori. Akwai kuma ƙarfen liƙi a cikin mazauninsa. Wata huɗu ke nan rabon da ya yi zafi.

Baba mai gyaran rediyo da talabijin ne. Aiki ya kai shi wani gari mai nisa, inda ake haɗa wa asibitoci wutar hasken rana. Ya ce wata shida zai yi.

Ya bar Mama da 'yarsu guda ɗaya, mai shekara goma sha biyu. Baba yana kiranta Injiniya. Sunan ya samo asali ne tun ranar da ta kwance fankar tebur tana 'yar shekara biyar, ta kasa mayarwa. Sunan ya bi ta har makaranta.

Kullum idan ta dawo gida, sai ta leƙa ɗakin nan. Takan zauna a kujerar Baba, ta jawo aljihun tebur a hankali. A ciki akwai wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannunta ba.

Ƙararrawar ƙofa ce, amma ba a gama ta ba.

Tare suka fara haɗa ta ranar da zai tafi. Allon yana da ƙananan huji talatin. A bayan kowane huji akwai ɗan zoben jan ƙarfe. Baba yana zura ƙafafun ƙananan kayan lantarki ta cikin hujin, ya juya allon, ya liƙe su da dalma. Ita kuma tana miƙa masa kaya, tana ƙirgawa. Sun kai ashirin ke nan sai mota ta yi hon a waje.

"Saura goma, Injiniya," in ji Baba. Ya zare wayar ƙarfen daga bango. "Ajiye mana shi. Amma kada ki taɓa ƙarfen nan sai kin koya. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Ranar da aka gama ta, ni zan fara dannawa."

Ya shafa kanta, ya ɗauki jakarsa, ya fita.

Tun daga ranar gidan ya yi mata faɗi. Da safe Mama takan kunna tsohuwar rediyonta a kicin, wadda Baba ya haɗa da hannunsa tun yana saurayi. Rediyon tana ta surutu, amma gidan shiru yake a kunnen Injiniya. Babu tarin Baba. Babu fiton da yake yi idan gyara ya yi kyau. Tana kewarsa ƙwarai.

Ranar Lahadi kaɗai yake samun damar bugo waya, da yamma. Duk mako ranar take jira.

Wata rana Malamar kimiyya ta shigo aji da wani akwati.

"Zan buɗe ƙungiyar koyon lantarki," in ji ta. "Kowace Laraba, bayan an tashi. Za mu fara da liƙi. Wa yake so?"

Kafin ta rufe baki, hannun Injiniya yana sama. Har ta miƙe tsaye ba ta sani ba. 'Yan aji suka yi dariya.

"Zauna, ba guduwa zan yi ba," in ji Malama.

Ranar Laraba su takwas suka taru a ɗakin kimiyya. Malama ta buɗe tagogi duka. Ta ba kowa gilashin kare ido. Ta ce mai dogon hannun riga ya naɗe. Sannan ta jona ƙarfen a wuta.

Da ya yi zafi, ta goge bakinsa a jikin soso mai ruwa. Ya yi cuu. Ta ɗan taɓa shi da zaren dalma. Wani siririn hayaƙi ya tashi.

Warin ya kai hancin Injiniya. Warin rigar Baba ne. Warin ɗakin baya ne. Idanunta suka cika da ƙwalla.

"Hayaƙin ne ya shiga idonki?" in ji Malama. "Ja da baya kaɗan. Ba a shaƙarsa."

"E, Malama, hayaƙin ne," in ji ta. Ba hayaƙin ba ne.

Malama ta ɗauki wani allo na gwaji, mai huji da yawa. Ta zura ƙafar wani ɗan abu mai zanen launi, ta ce sunansa rizista. Ta ɗan lanƙwasa ƙafar ta baya don kada ya zame. Ta juya allon.

"Ku duba da kyau. Bakin ƙarfen zai taɓa abu biyu a lokaci guda, zoben da ƙafar. Ku ƙirga ɗaya, biyu. Sai ku kawo dalma. Ba a jikin ƙarfen za ku sa ta ba. A jikin zoben za ku sa. Idan wurin ya yi zafi, da kanta za ta narke ta kewaye ƙafar. Ku janye dalma, sannan ku janye ƙarfe. Shi ke nan."

Ta ɗaga allon. Liƙin ya fito kamar ɗan tudu mai tsini, yana sheƙi.

"Kada ku danna. Kada ku goga. Kada ku daɗe. Zoben nan siriri ne, manna shi aka yi. Idan ya sha zafi da yawa, ɓarewa zai yi."

Injiniya ta gyaɗa kai. A ranta ta ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Ta ga Baba yana yi sau ɗari.

To, gani daban, yi daban. Da ƙarfen ya zo hannunta, sai ta hau aiki da sauri. Ta manta ƙirga. Ta ɗebo dalma a bakin ƙarfen, ta shafa a kan hujin kamar mai shafa fenti. Ta yi guda goma. Uku sun ɗan yi kama da na Malama. Bakwai sun dunƙule, sun yi duhu.

Malama ta duba ta ƙasan gilashinta.

"Akuya ce ta bi ta kan allon nan?"

Kowa ya fashe da dariya, har da Injiniya. Daga baya Malama ta bi sauran alluna, aka ga akuyar ta zaga ajin gaba ɗaya.

"Ba komai," in ji Malama. "Haka kowa yake farawa. Amma ga doka. Ba wanda zai taɓa allo na gaske sai ya yi mini liƙi hamsin masu kyau a allon gwaji. Yanzu kowa ya je ya wanke hannu da sabulu."

Hamsin. Injiniya tana da uku. Ta koma gida tana jan ƙafa.

Ranar Lahadi Baba ya bugo. Ta ba shi labarin ƙungiya, da soso, da akuya. Ya yi dariya har ya yi tari. Daga nan sai muryarsa ta sauka.

"Injiniya, akwai magana. An ƙara mana aiki. Sai na ƙara wata guda."

Ta ƙura wa bango ido.

"Kina jina?"

"Ina ji, Baba. Allah ya kai mu."

Ta miƙa wa Mama wayar. Ta tafi ɗakin baya, ta zauna a kujerarsa. Ba ta yi kuka ba, amma ko abinci ba ta iya ci sosai ba a ranar.

Ranar Asabar da hantsi Mama ta tafi kasuwa. Gidan ya rage daga Injiniya sai agogon bango. Ta shiga ɗakin baya. Ta dubi ƙarfen liƙi. Ta dubi soket.

Gaskiya, da farko ba liƙi ta yi niyya ba. Warin kawai take so ta ji. Ta ce za ta jona shi, ta narka dalma kaɗan, ta kashe.

Ta jona. Ta narka. Warin ya cika ɗakin, kamar Baba ya fita ne yanzu zai dawo.

Sai wata dabara ta faɗo mata. Idan ta gama ƙararrawar kafin ya dawo fa? Ya sauka daga mota, ya tarar da ita a bakin ƙofa, ya danna. Ai cewa ya yi kada ta taɓa sai ta koya. Kuma ta koya, ko ba ranar Laraba ta yi guda uku masu kyau ba?

Haka zuciya take yi idan tana son abu. Nan da nan take samo hujja.

Ta ɗauko koren allon. Ta zura rizista ɗaya a inda Baba ya yi alama. Ta juya. Ta kawo ƙarfen da dalma tare.

Dalmar ta dunƙule. Akuya ta biyo ta har gida.

Ta sake ɗora ƙarfen. Dalmar ta ƙi kwanciya. Ta danna. Ta goga. Ta ƙara dalma. Ta ƙirga har goma, ta wuce. Sai ta lura rizistan ya karkace. Ta kama shi da filaya ta ja, ƙarfen yana kan zoben.

Wani abu ya biyo bakin ƙarfen, ɗan ƙarami, ja, a murɗe. Zoben ne. Ya ɓare daga allon.

Inda zoben yake, babu komai sai huji da baƙin tabo. Ta kai hannu da sauri don ta ciro zoben, sai yatsanta ya taɓa ƙarfen.

Ta yi ƙara, ta yarfe hannu. Allah ya sa ba ta saki ƙarfen a ƙasa ba. Ta mayar da shi mazauninsa, ta zare waya, ta ruga famfo. Ta daɗe da yatsan a cikin ruwa. Zafin yatsan bai kai na zuciyarta ba.

Ta naɗe allon a takarda, ta tura shi can ƙarshen aljihun tebur. Ta buɗe taga, tana korar warin da littafi.

Da Mama ta dawo, ta tsaya a tsakar falo da ledoji a hannu. Ta ɗan ɗaga hanci. Sannan ta dubi yatsan da ya tashi.

"Me ya same ki?"

"Butar shayi ce, Mama."

Mama ta dube ta na ɗan lokaci. "Butar shayi," in ji ta. Ta kawo magani ta shafa mata.

Kashegari Baba ya bugo.

"Injiniya tawa. Yaya allonmu? Yana nan lafiya?"

"Yana nan."

"Saura goma, ko?"

"E."

"Yau kuma muryarki ta yi ƙasa. Lafiya?"

"Lafiya lau. Ga Mama."

Duk mako tana jiran wannan kira, ga shi ta gama shi cikin kalmomi kaɗan. Ta koma ɗaki ta kifa kai a filo.

Ranar Laraba ta je ƙungiya, amma hannunta ya ƙi. Duk sanda ta ɗauki ƙarfen, sai ta ga ɗan jan zoben nan. Ko ɗaya mai kyau ba ta yi ba.

Lahadi ta sake zagayowa. Da wayar ta fara ƙara, sai ta shige ɗaki, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Ga Babanki," in ji Mama daga bakin ƙofa.

Ta yi lamo kamar mai barci. Mama ta koma falo. Wayar tana a buɗe, muryar Baba tana fitowa sarai.

"Barci da yamma? Ko dai fushi take yi da ni saboda na ƙara wata? Ki gaya mata ba da son raina ba ne. Ni ma kwanakin nake ƙirgawa. Hotonta yana cikin akwatin kayan aikina, kullum sai na gani."

Injiniya ta cusa bakin mayafi a baki. Baba yana can shi kaɗai, yana zaton laifinsa ne. Wannan ya fi ƙarfinta.

Da aka kashe wayar, ta tashi ta je ɗakin baya. Ta ɗauko allon. Ta ajiye shi a cinyar Mama, ta durƙusa.

"Mama, ba butar shayi ba ce."

"Na sani," in ji Mama.

"Kin sani?"

"Shekara goma sha biyar ina zaune da mai wannan warin. Ko a mafarki na ji shi zan gane. Kin ɗauka littafi zai kore shi?"

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Jira nake ki kawo kanki. Na so ki zo tun ranar." Mama ta warware takardar, ta dubi tabon. "Kin san abin da ya fi ba ni tsoro? Ke kaɗai ce a gida. Da ƙarfen nan ya faɗa kan labule fa? Da yanzu wani labarin ake yi."

Hawaye suka zubo wa Injiniya. "Kewarsa nake yi, Mama. So na yi ya zo ya tarar na gama."

Mama ta jawo ta jikinta. "Ni ma ina kewarsa, 'yar nan. Me kike zaton ya sa nake kunna tsohuwar rediyon nan kullum, alhali ga sabuwa a falo?"



"Amma laifi laifi ne," in ji Mama. "Daga yau makullin ɗakin baya yana hannuna. Kuma ke za ki gaya wa Babanki da bakinki. Ba sai Lahadi ba. Yanzu."

Mama ta buga. Sau biyu bai shiga ba, a na uku ya ɗauka. Injiniya ta faɗi komai, tana yi tana shessheƙa. Ta faɗi ƙarfen, da zoben, da butar shayi, da barcin ƙarya.

Ta ji ƙarar iska a wayar.

"Wane yatsa ne?" in ji shi.

"Manuni."

"Ya warke?"

"Ya kusa."

"To, alhamdu lillahi. Saurara, Injiniya. Kin karya maganata, kuma ban ji daɗi ba. Amma allo abu ne da ake gyarawa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Lahadi biyu da kika hana ni. Su ba zan iya liƙe su da dalma ba."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Na haƙura. Ki kai wa Malamarku allon. Duk abin da ta ce, shi za a yi."

Ranar Laraba, bayan kowa ya zauna, Injiniya ta kai allon gaban Malama. Ta faɗi yadda aka yi. Malama ta ɗauki gilashin ƙara girma, ta daɗe tana dubawa.

"Waɗannan ashirin ɗin aikin wa ne?"

"Babana."

"Hannunsa yana da kyau." Ta matsar da gilashin. "Wannan kuma ba sai na tambaya ba."

Injiniya ta sunkuyar da kai. "Ya mutu ke nan, Malama?"

"Bai mutu ba. Zoben ya tafi, ba zai dawo ba. Amma dubi wannan siririn layin da ya taso daga hujin. Hanyar wuta ce, tana nan a ƙarƙashin koren fenti. Za a kankare fentin kaɗan, a ɗauko 'yar waya, a haɗa ƙafar da hanyar. Kamar gada."

"Za ki gyara mini?"

"A'a."

Injiniya ta ɗago kai.

"Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Amma ba yau ba. Nawa kike da su a allon gwaji?"

"Uku."

"Saura arba'in da bakwai." Malama ta sa koren allon a ambulan, ta kulle a kabad. "Zai jira ki a nan."

Daga ranar Injiniya ta daina sauri. Takan goge bakin ƙarfen a soso. Ta taɓa zobe da ƙafa tare. Ɗaya, biyu. Dalma. Janye dalma. Janye ƙarfe. Idan ɗaya ya ƙi, ba ta danna shi. Takan bar shi ya huce, ta kira Malama.

Makon farko ta yi takwas masu kyau. Mako na biyu goma sha ɗaya. Malama ba ta da rangwame. Ko ɗan duhu ta gani, sai ta ce, "Wannan ba ya cikin lissafi." Wani lokaci Injiniya takan ji kamar ta yi kuka. Sai ta tuna baƙin tabon, ta ɗauki wani rizistan.

Kowace Lahadi tana ba Baba rahoto.

"Ashirin da biyu, Baba."

"Akuyar fa?"

"Ta rage zuwa."

A mako na biyar ta cika hamsin. Malama ta ƙirga sau biyu, sannan ta buɗe kabad.

Injiniya ta yi tara ɗin da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, 'yan ƙungiya sun kewaye ta. Sai aka zo kan tabon. Ta kankare fentin da bakin reza a hankali, har jan ƙarfe ya bayyana. Malama ta yanko mata 'yar jar waya, tsawon farce. Ta liƙe kai ɗaya a ƙafar rizista, ɗaya a kan hanyar. Ɗaya, biyu. Ta janye.

Suka sa batir. Suka jona 'yar lasifika. Madannin ƙararrawar yana lilo a jikin wayoyi biyu.

"To, danna mu ji," in ji Malama.

Injiniya ta girgiza kai. "Baba ya ce shi zai fara dannawa."

"To yaya za mu san tana aiki?"

Ta yi ɗan tunani. Sai ta ɗauki filaya, ta taɓa bakin wayoyin biyu a bayan madannin, ta haɗa su.

Ƙararrawar ta yi kuka, tilin-tilin, siririya, mai daɗi.

'Yan ƙungiya suka yi tafi. Malama ta yi murmushi ta ce, "Lallai Injiniya." Ita kuwa Injiniya ta sunkuya kan allon. Jar wayar kawai take kallo. Ta fito fili a cikin koren allon, duk wanda ya duba sai ya gan ta.

"Malama, ba za a iya shafa mata koren fenti ba?"

"Za a iya. Amma in ni ce, zan bar ta."

Ta bar ta.

Ita da Mama suka sa allon a cikin ɗan akwatin roba, suka rataye a bayan ƙofa. Madannin yana waje. Injiniya ta manna takarda a kansa, ta rubuta: "Don Allah a ƙwanƙwasa. Wannan na Baba ne." Maƙwabta suka yi ta dariya, amma kowa ya ƙwanƙwasa.

Kwana tara takardar tana nan. Rana ta kore launin rubutun, ta sake rubutawa.

A rana ta goma, da yamma, tana zaune tana aikin gida. Mama tana kicin, rediyo tana surutu. Ba su san ko yau Baba zai iso ko gobe ba, don ya ce ya danganta da mota.

Tilin-tilin.

Fensir ya faɗi daga hannunta. Mama ta kashe rediyo.

Tilin-tilin. Tilin-tilin.

Ba ta san lokacin da ta kai ƙofa ba. Ga Baba a tsaye, ya rame kaɗan, ya yi duhu, jaka a kafaɗa. Takardar tana hannunsa na hagu. Makullin gidan yana aljihunsa, amma bai ciro ba. Yatsansa yana kan madannin, yana ta dannawa kamar yaro.

"Masu gida suna nan?" in ji shi.

Ta faɗa jikinsa. Rigarsa tana warin hanya da ƙura, amma can ƙasa akwai warin nan da ta sani. Wannan karon ta yi kuka sosai, ba ta ce hayaƙi ba ne.

Bayan ya sha ruwa ya huta, ya ce a sauko masa da akwatin ƙararrawar. Ya buɗe, ya juya allon a ƙarƙashin fitila. Ya daɗe yana kallo.

"Wanne ne nawa, wanne ne naki?"

"Baba, kai ma ka sani."

"Da gaske nake. Na kasa rabewa."

Ta nuna jar wayar da yatsan da ya warke. "Wannan dai tawa ce."

Baba ya ajiye allon. Ya tashi ya shiga kicin, ya ɗauko tsohuwar rediyon Mama. Ya kwance sukurori huɗu, ya cire murfin baya. Ya juyo mata da cikin.

A bayan tsohon allon akwai 'yan wayoyi irin tata. Ta ƙirga. Huɗu ne.

"Allona na farko ke nan," in ji Baba. "Ni ma na yi sauri. Sau huɗu. Maigidana da ya koya mini aiki ya sa na gyara kowanne da hannuna. Shekara ashirin ke nan, kuma har yau tana magana."

"Tana magana har ta yi yawa," in ji Mama daga bakin ƙofa.

Suka yi dariya su uku.

"To, Injiniya," in ji Baba, "me kika koya?"

Ta yi tunani kafin ta amsa. "Kada in taɓa aiki sai na koye shi sosai, ko da ina ɗoki. In na yi kuskure kuma, in faɗa da wuri. Ɓoyewa ta fi kuskuren ciwo."

"Haka ne. Haƙuri da gaskiya, su ne kayan aiki na farko. Sauran duk a kasuwa ake sayensu."

Mama ta ciro makullin ɗakin baya, ta ajiye a kan tebur tsakaninsu.

Washegari da safe ƙarfen liƙi ya yi zafi a ɗakin baya, taga a buɗe. Wata maƙwabciya ta kawo rediyonta gyara. Injiniya ce ta riƙe ƙarfen. Baba yana gefe, yana miƙa mata kaya, yana ƙirga mata ɗaya, biyu.